Makullin ƙungiya a aljihun mutum ɗaya

Bayan an yi addu'ar bakwai ta shugaban ƙungiyar unguwarmu, mu huɗu muka je gidansa karɓar takardun ƙungiya. Mun daɗe a zaure muna jan ƙafa, don babu wanda yake so a ce shi ya fara ɗauko zancen takarda a gidan da ba a gama share hawaye ba. Can dai dattijon cikinmu ya aika yaro ciki. Uwargidan marigayin, tana cikin takaba, ta turo mana wata jakar bakko tare da saƙo: "A gaya wa su Malam duk abin da na sani na ƙungiya yana ciki. Su duba, in akwai abin da ba su gani ba su yafe masa."

Muka zazzage jakar a kan tabarma. Abin da ya fara zubowa takardun shaidar halartar bita ne, na Kaduna, na Abuja, na nan cikin gari: horo kan shugabanci, horo kan rubuta takardar neman tallafi, horo kan sasanta rikici. Ga hatimin ƙungiya, ga takardar rajista, ga rasit-rasit ɗaure da roba, wasu tawadarsu ta goge. Abin da ya kawo mu, wato littafin da zai nuna nawa ya shiga nawa ya fita daga kuɗin ruwan burtsatsen da ƙungiya ke sayarwa, babu shi. Ba ɓacewa ya yi ba, tun farko ba a buɗe shi ba.

Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, bai ci ƙwandalar kowa ba, kuma zan faɗi haka a ko'ina. Da idona na ga ya sayar da ragonsa ya gyara injin jawo ruwa lokacin da ya ƙone. Sai dai komai na ƙungiyar a kansa yake. Shi ya san mai gyara, shi ya san wanda ake bi kuɗin jarka, shi ya san gidajen marayun da ake kai wa ruwa kyauta. Asusun banki kuwa mutum biyu ke sa hannu, shi da wani ɗan'uwanmu da ya koma Fatakwal da zama shekaru da dama. Ba a yi wata biyu da rasuwarsa ba injin ya sake tsayawa. Ga kuɗi a banki, ga rijiya a tsaye, babu mai ikon taɓa ko sisi. 'Yan garuwa suka ƙara kuɗi, yara suka koma tafiya unguwar maƙwabta da jarkoki tun asuba kafin makaranta. Daga nan ƙananan maganganu suka fara tashi a majalisu, har wani ya buɗi baki ya ce ai dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan unguwa aka wayi gari ana ɗora alamar tambaya a kan sunansa, kuma babu takarda ɗaya da za mu ɗaga mu wanke shi.

Tun ranar nake tauna wannan magana ta horar da shugabannin ƙungiyoyin al'umma. Ina cikin waɗanda suka yarda cewa ana buƙatar horon, buƙata mai tsanani ma. Ƙorafina shi ne an daɗe ana horar da mutum ɗaya, a wurin da ba nan yake aiki ba, da harshen da jama'arsa ba sa ji, a kan abin da ya fi amfanar mai ba da tallafi. Abin da ke riƙe ƙungiya kuwa, wato ma'ajin da ya iya littafi, magatakardan da ke rubuta abin da aka yanke, mambobin da suka san suna da ikon tambaya, da ranar da shugaba zai sauka wani ya hau, shi aka bari a baya. Shugabanmu ya halarci bita fiye da goma. Babu ko ɗaya da ta biyo shi gida ta tambaya wa ke riƙe da makulli in ba ya nan.

Na halarci irin wannan bitar ni ma, don ni ne sakatare a lokacin, kuma ranar da shugaba ba shi da lafiya ni aka tura. Kwana uku ne a wani otel. An ba mu jaka da biro da littafin rubutu, an rataya mana suna a wuya, an raba mu rukuni-rukuni muna rubutu a manyan takardu ana liƙawa a bango. Masu koyarwar mutanen kirki ne, sun san aikinsu. Amma da Turanci aka yi komai, sai in an ga fuskoki sun yi nauyi wani ya taƙaita da Hausa cikin jimla biyu. Kusa da ni wata dattijuwa ce daga ƙauye, shugabar matan da ke sarrafa gyaɗa, wadda na tabbata ta fi mu duka sanin yadda ake tafiyar da mutane. Kwana ukun nan ba ta ce uffan ba. A rana ta biyu ta karkato ta ce da ni a hankali, "Ɗan nan, in sun zo wajen yadda ake raba riba ba a yi faɗa ba, ka taɓa ni." Har aka tashi ba a zo wajen ba. An koya mana bambancin manufa da buri, an koya mana jadawalin da masu tallafi ke so a cika, an ɗauki hoto, aka miƙa takardar shaida da kuɗin mota.

Wanda ya duba darussan da kyau zai ga inda fuskarsu ta nufa. Yadda za ka rubuta takardar neman kuɗi, yadda za ka aika rahoto duk wata uku, yadda za ka ajiye rasit don mai binciken da za a turo daga Abuja. Duka bayani ne zuwa sama, ga wanda ya ba da kuɗi. Bayani zuwa ƙasa, ga matar da ke biyan kuɗin wata daga cinikin ƙosai, ba ya cikin manhaja. A hankali sai shugaba ya koyi cewa wanda ya kamata ya ji tsoron ɓata wa rai yana wani ofis mai nisa, mutanen unguwa kuwa sunansu ya koma masu cin gajiya. Ƙungiyar da aka kafa don yashe kwata sai ka ji bana ta koma wayar da kai kan abu kaza, baɗi kuma wani abu daban, gwargwadon inda kuɗi ya karkata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga nan ne kuma aka haifi ƙungiyoyin da ofishinsu jakar hannu ce, mambobinsu mutum da ƙaninsa da matarsa, sana'arsu halartar taro.

Ba na cikin masu zagin wanda ya karɓi alawus. Ɗan sa-kai da ya rufe shagonsa kwana uku, ko malamar da ta bar ɗinkinta, a wannan tsadar da muka shiga tun cire tallafin mai a Mayun 2023, haƙƙinsa ne a mayar masa da kuɗin mota da abin da zai bari a gida. Illar tana zuwa ne sa'ad da alawus ɗin ya zama shi ke zaɓen wanda zai tafi. Kujera ɗaya aka ba ƙungiya, akwai ɗan abin sawa a aljihu, to wa zai ce da ciyaman ya zauna a tura ma'aji? Haka ilimin yake taruwa wajen mutum ɗaya, shekara bayan shekara, kamar yadda takardun suka taru a jakar bakkon nan.

Yanzu ma rijiyar da ake ɗebo kuɗin bitar tana ƙafewa. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa ƙasashen waje na kwana 90, kuma zuwa 1 ga Yulin shekarar hukumarsu ta ba da tallafi, USAID, ta daina aiki, aka mayar da ɗan abin da ya rage ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajensu. A Fabrairun 2025 ɗin Birtaniya ta ce za ta rage nata daga kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.3 kafin 2027, bayan dama ta sauko daga 0.7 a 2021. Tun kafin haka ma alƙawarin da manyan masu ba da agaji suka ɗauka a taron Istanbul na 2016, cewa zuwa 2020 aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin jin ƙai zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida, bai cika ba. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne ƙananan ƙungiyoyi ba su da ƙarfin riƙe kuɗi. Wannan magana tana ƙona mini rai, don shekara da shekaru ana kashe kuɗi da sunan gina wannan ƙarfin. In har yanzu babu shi, ya kamata masu ginin su tambayi kansu abin da suke ginawa. Mu ma da namu laifin, kuma zan zo kansa. Abin da 2025 ta nuna dai a fili yake: ofisoshi da yawa sun rufe, an sallami ma'aikata, amma adashin matan layinmu bai fasa zagayawa ko mako ɗaya ba.

Kuma daga adashin ne misalin da ya fi burge ni ya fito, a ƙasar Hausa, tsallaken iyaka kaɗan. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani aiki da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari ba. Abin da aka kawo tsari ne, aka ɗora shi a kan asusun da suka gada. Mata ashirin zuwa talatin su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a ba mai buƙata rance ta mayar da ɗan ƙari, a ware wani abu don rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa, in zango ya cika a fasa a raba. A tsarin da ya ginu daga nan, akwatin kuɗin na ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a tsakiyar taro. Masu ƙirga su ƙirga a gaban kowa, a faɗi jimla da ƙarfi, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi jama'a nawa aka rufe. A farkon lamarin yawancin matan ba su iya karatu ba, don haka da ka ake riƙe lissafin, kowace tana haddace nata da na maƙwabciyarta.

Dubi yadda aka yi horon. Mai koyarwa ita ke zuwa ƙauyen, ta zauna a tabarmar da suke zama, ranar da suke taronsu, da Hausa. Duk ƙungiyar take koya wa, har da wadda ta fi kowa shiru. Tana zuwa a kai a kai da farko, sannan ta riƙa ja da baya, cikin abin da bai wuce shekara ba ta bar su da kansu. Daga cikin matan ne kuma ake samun waɗanda ke zuwa ƙauyen gaba su kafa wata. Wannan tsari na Maraɗi shi ne asalin ƙungiyoyin adashi da rance na ƙauye da suka bazu ƙasashe da dama a Afirka da wajenta, har ya dawo mana nan Najeriya da sunan Turanci kamar baƙo. Kuma shugabanci ya fito daga ciki ba tare da an yi darasi mai wannan suna ba. Macen da ta saba tsayawa gaban mata talatin ta faɗi lissafi, ta tambayi wadda ta makara da biya ba tare da zumunci ya ɓaci ba, ta sha zaɓe ta sha sauka, ba za ta ji tsoron tsayawa gaban mai gari ba. Da dama daga cikin matan nan sun tsaya takara a zaɓukan ƙananan hukumomin Nijar, wasu sun zama kansiloli. Dattijuwar nan mai gyaɗa da ta ce in taɓa ta, amsar tambayarta tana Maraɗi, da harshenta, shekara talatin da wani abu.

Ko a tarihinmu na nan Arewa, waɗanda suka shirya karɓar mulki daga Turawa sun san daga inda ake farawa. Makarantar Kongo da ke Zariya a 1947 aka buɗe ta a matsayin wurin horar da akawu, a 1954 ta zama cibiyar koyar da sha'anin mulki, a 1962 ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'aikatan En'e aka riƙa kawowa, ma'aji da magatakarda da malaman baitulmali, ana koya musu riƙe littafi da tsarin ofis. An gane cewa sarki ko hakimi komai adalcinsa, in babu mai rubutu a bayansa, mulkin ba zai tsaya ba. Ƙungiyar unguwa ƙaramar hukuma ce a nata matsayin: tana karɓar kuɗin jama'a, tana yanke hukunci a kan wa zai samu wa zai jira. Me ya sa muke ganin ita za ta rayu da kyakkyawar zuciyar mutum ɗaya kawai?

Nan ne namu laifin yake, kuma ya fi na masu tallafi wuyar magani. Muna da kunya da kara, halaye ne masu kyau da nake alfahari da su, amma mun bar su sun shiga inda ba wurinsu ba. A taronmu, duk shekarun nan, ban taɓa ɗaga hannu na ce a karanta mana lissafi ba. Yaya zan dubi sa'an mahaifina, wanda ya yi mini waliyyi ranar aurena, in ce Baba nawa ne a asusu? Za a ce yaron nan ba shi da tarbiyya, ko a ce wani ne ya turo shi. Shi ma a nasa ɓangaren, in ka tambaya sai ya ji kamar ka kira shi ɓarawo. To wannan kunyar ce ta bar shi ba kariya ranar da ba ya da bakin kare kansa. Mun ɗauka muna girmama shi, ashe mun bar masa kaya shi kaɗai.

Addinin da muke bi bai san wannan kunyar ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har da gargaɗin kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi, kuma da mutumin ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi bai bar maganar ta wuce ba, sai da ya hau mumbari a kanta. In an yi wa sahabi lissafi, ciyaman ɗin ƙungiyar unguwa ba shi da dalilin jin an ci masa fuska. Ina ganin duk horon da za a yi a ƙasar nan ya kamata ya fara daga wannan gaɓar, a kuma sa limamai da malaman Islamiyya a ciki, don su ne za su iya cire wa mutane nauyin bakin. Maƙwabtanmu Kirista ma suna da abin koyi a Zumuntar Mata ta majami'unsu, inda baiko, wato gudummawar da suke zubawa, da riƙe muƙami da karanta rahoto a gaban taro suka zama al'ada. Dabarar ita ce a mayar da tambayar doka. In kundin ƙungiya ya ce duk Asabar ɗin ƙarshen wata ma'aji zai miƙe ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita kafin a yi addu'ar tashi, to babu wanda ya tambayi wani, babu wanda aka tuhuma.

Haka zancen sauka daga kujera. Yawancin ƙungiyoyinmu suna da kundin tsarin mulki, don ba a rajista sai da shi, kuma a ciki an rubuta shekara biyu ko uku. Sau da yawa kwafo shi aka yi daga na wata ƙungiya a shagon masu kwamfuta, aka canza suna, ba a taɓa karanta shi a taro ba. Wanda ya kafa ƙungiya yana zama har rai ya yi halinsa, wani lokaci ba don yana so ba, sai don duk sanda ya ce ya gaji a taru a ce Baba wa zai iya in ba kai ba. Wannan yabon shi ke kashe ƙungiya. Matasa masu jini a jika su zo su yi shekara biyu suna jera kujeru da raba takardar gayyata, su ga babu ranar da za a ba su wani abu su riƙe, su tafi su kafa tasu, ita ma ta bi sawun ta farko. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ta nuna ana iya yin dabam. A Minna aka kafa ta a Oktoban 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amira ta farko ta ƙasa. Ta yi wa'adinta ta sauka, tana raye tana ba da shawara wasu suka hau suka sauka a bayanta. Da ta rasu a Janairun 2019 makarantu da asibitocin ƙungiyar ba su rufe ba, babu wanda ya je gidanta neman makulli. Shugaban da ya iya aiki muna da su da yawa. Wanda ya iya zama tsohon shugaba, ya zauna a sahu na biyu ya ga yaronsa na jiya yana kuskure bai ƙwace ragamar ba, shi ne ƙaranci, kuma ban taɓa ganin an ware ko awa ɗaya a bita don koyar da wannan ba.

Doka ma ta riga ta zo ƙofar gida, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020 ta ɗora wa ƙungiyoyi masu rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, nauyin ajiye bayanan kuɗi da miƙa rahoto. Sashe na 839, wanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, ya buɗe hanyar dakatar da amintattun ƙungiya in an samu almundahana ko rashin iya tafiyarwa, akwai kuma tanadi a kan asusun ƙungiya da aka bari ba motsi a banki. Mutum na iya ƙin wasu sassan dokar, ni ma ina da ja a kan ikon da ta tara a hannun hukuma. Amma dattawan da aka rubuta sunayensu a matsayin amintattu don girmamawa, nawa ne a cikinsu aka zaunar aka fassara musu abin da suka sa wa hannu?

Masu iya wannan koyarwar suna cikinmu. Kowace unguwa tana da akantan da ya yi ritaya, da tsohon hedimasta, da tsohon jami'in ƙungiyoyin gama kai, suna zaune a ƙofar gida da ilimin da babu mai tambaya. Akwai Kwalejin Gama Kai ta Tarayya a Kaduna, akwai Gidan Mambayya, cibiyar nazari da horo kan dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero a Gwammaja, Kano, akwai sassan koyar da akanta da ilimin manya a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda ɗalibansu ke yawon neman wurin koyon aiki. A tura ɗalibar akanta ta zauna da ƙungiyar mata zango guda, ta buɗe musu littafi, ta dawo duk wata ta duba, a ba ta maki a kan haka. Gidajen rediyonmu da ke cika dare da siyasa su ware rabin awa a mako, a kawo ma'ajin gaske ya faɗi yadda yake yi. An ma gwada wani abu mai kama da haka a makarantu: shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da aka fara a 2008, wanda ya yi aiki a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa, bai tsaya ga horar da kwamitocin kula da makaranta ba, ya sa ana komawa ana ziyartarsu a garuruwansu bayan horon. Komawar nan ita ce aikin. Kuɗin ɗakin taro da abincin kwana uku a otel zai biya kuɗin motar mai koyarwa zuwa unguwa sau da yawa. Masu tallafin da suka rage, in da gaske suke, su daina ƙirga kawunan da suka zauna a zaure. Su dawo bayan shekara biyu su tambaya ko an yi zaɓe, ko ana karanta lissafi, ko akwai mace ko matashi a cikin masu sa hannu.

Mu dai sai da muka yi wata biyar kafin asusun ya buɗu. An yi ta kai da kawo da takardar shaidar rasuwa da bayanin taron da muka zauna muka yi na gaggawa, ɗan'uwanmu na Fatakwal ya biyo motar dare ya zo ya sa hannu, Allah ya saka masa. Kafin nan karo-karo muka yi aka tayar da injin. A taron farko bayan haka wani tsohon ma'aikacin baitulmali da ke layin bayanmu, wanda shekara da shekaru ba mu taɓa gayyatarsa ba, ya zo da littafi mai bango mai tauri da ya saya da kuɗinsa. Ya ja layi huɗu da rula: rana, bayani, shiga, fita. Ya ce shi ba ya son muƙami, amma zai zauna da duk wanda aka zaɓa kowace Lahadi bayan la'asar har sai hannunsa ya faɗa.

Wata yarinya muka zaɓa ma'aji, mai shaidar NCE, tana koyarwa a Islamiyyar unguwa. Wasu dattawa ba su so ba, biyu ma sun daina zuwa taro har yau, kuma ina jin zafin rashinsu don mutane ne da suka yi wa unguwar nan wahala. Masu sa hannu yanzu uku ne, kowane biyu suna iya fitar da kuɗi. Wa'adi shekara biyu, an karanta shi da Hausa kowa ya ji. Ranar da ta fara karanta lissafi muryarta na rawa, takardar na kaɗawa a hannunta. Ta faɗi kuɗin ruwa, ta faɗi na gyaran famfo biyu, ta faɗi abin da ya rage. Wani mai shayi daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, gafarta, kuɗin makon sallah ban ji shi ba." Wuri ya yi tsit. Ta buɗe shafin baya ta duba, ta ce gaskiyarsa, ta tsallake layi, ta karanta masa. Ya ce ya gamsu, aka ci gaba.

Da muka tattara tsofaffin rasit ɗin marigayin, tsohon ma'aikacin baitulmalin ya yi mako uku yana jera su wata-wata. Abin da ya iya haɗawa ya nuna ƙungiya ce ma ke riƙe da kuɗin marigayin, na gyare-gyaren da ya yi daga aljihunsa bai karɓa ba. An karanta wannan a taro, aka amince a biya iyalinsa kaɗan-kaɗan daga kuɗin ruwa. Ni aka ba kason farko na kai gidan, tare da kwafin shafin da aka rubuta shi. Saura kashi huɗu.